Ba Sitika ke Aiki Ba

Idan ka shiga shagon kwamfutocin hannu a Kafanchan a lokacin da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ke fafutukar haɗa furojet, ko lokacin da yara ke shirin jarrabawar JAMB, tambaya ɗaya za ka ji tana ta maimaituwa: "Oga, wannan Core i nawa ce?" In aka ce i7, fuskar mai saye ta washe. In aka ce i5, ya gyaɗa kai ya soma tayi. In kuwa aka ce masa "duwal ko ce", sai ya mayar da ita kan kanta ya nuna wata. Abin da bai sani ba, wani lokaci mai shagon ma bai sani ba, shi ne sau da yawa duka ukun ƙwaƙwalwa biyu gare su. Core i7-620M da ke cikin Dell Latitude E6410 ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Core i5-2520M da ke cikin ThinkPad T420 shi ma biyu ne, kuma duk da sunansa na ƙasa, ya fi na farkon sauri a yawancin ayyuka, don ya zo bayansa da shekara guda da sabon tsari. An biya kuɗin bakwai, an tafi gida da abin da bai kamo biyar ba.

Kusan babu ɗaya cikin waɗannan na'urori da aka ƙera da mu a rai. Dell Latitude D630 da HP Compaq 6910p da ThinkPad T61 'yan 2007 ne. E6400 da EliteBook 6930p da T400 'yan 2008. E6420 da 8460p da T420 kuma 'yan 2011. Bankuna da ofisoshi da jami'o'in Turai da Amurka ne suka saye su sababbi fil, suka more su 'yan shekaru, suka sallama. Kwantena ta sauke su a Legas, aka baje su a Computer Village da ke Ikeja, motocin dare suka hauro da su Abuja da Jos da Kaduna, sauran suka gangaro mana da sunan Beljiyam. Kafanchan dai ta saba karɓar kayan nesa. Tun 1927 da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, wani reshe ya balle ya nufi Jos, garin ya zama mahaɗa. Tashar ta yi sanyi, kaya kuwa ba su fasa zuwa ba, sai dai yanzu a bayan bas suke isowa, an naɗe su da tsohon kwali.

Zafi ne ya haifi ƙwaƙwalwa biyu. A farkon shekarun 2000 Intel da AMD tsere suke yi a kan lamba ɗaya, gigahaz, wato yawan bugun da furosesa ke yi a daƙiƙa. Pentium 4 ya hau har 3.8, amma duk hawan da ya yi sai ya ƙara shan wuta da fitar da zafi, a laftof kuwa batir ba ya jimawa, cinyar mai ita na ƙuna. A watan Maris na 2003 injiniyoyin Intel da ke Haifa a Isra'ila suka fito da Pentium M, wanda a gigahaz 1.6 yake kamo Pentium 4 na laftof mai 2.4 a ayyuka da dama, da wutar da ba ta kai tasa ba. A 2004 kamfanin ya soke Tejas, magajin da yake shirya wa Pentium 4, ya kuma daina kiran furosesa da gigahaz ɗinsa, ya koma ba su lambobi. Tunda an kasa sa ƙwaƙwalwa ɗaya ta ƙara gudu ba tare da ta gasa kanta ba, sai aka ce a sa biyu su raba aikin. Core Duo ya fito a Janairun 2006, Turion 64 X2 na AMD ya biyo baya a watan Mayu, Core 2 Duo ya iso kafin shekarar ta ƙare. Sama da shekara 20 ke nan da maƙerin da kansa ya jingine ma'aunin gigahaz, mu kuwa har yau da shi muke ciniki.

Wanda ya taɓa zuwa gayyar huɗa a Kagoro ko Zonkwa ya san yawan ɗaga garma ba ya cika gona. Wani zai sara goma kafin na kusa da shi ya sara takwas, amma garmar na biyun ta fi faɗi, kowane sara yana juya ƙasa mai yawa, kafin la'asar kunyoyinsa sun wuce na mai gaggawar. Gigahaz yawan saran ne. Zubin furosesa, wanda masu shago ke ce wa janareshan, shi ne faɗin garmar. Ƙwaƙwalwa biyu kuma mutum biyu ne a gona ɗaya. Suna da rana in akwai kunya biyu da za a ja, in kuwa ɗaya ce, na biyun tsayawa zai yi yana kallo. Shi ya sa tsohuwar manhajar da ba ta iya raba aiki ba ta ƙaruwa da komai da ƙwaƙwalwa ta biyu, sai dai kwamfutar ba ta sandarewa idan ana sikanin a gefe guda ana buga takarda a ɗaya.

Ɗauki Dell D620, wadda har yanzu akan ci karo da ita a wasu bizinas santa. An sayar da ita da Core Duo T2400, daga baya kuma da Core 2 Duo T5600. Duka biyun gigahaz 1.83 ne. Duka biyun megabait 2 gare su na kash, wato ɗan wurin ajiyar da ke jikin furosesa, inda yake aje abin da yake yawan buƙata don kada ya yi ta aike zuwa ram. A takarda tagwaye ne. Amma T2400 bit 32 kaɗai yake fahimta, T5600 kuwa yana ɗaukar bit 64, kuma a yau wannan ne ke raba kwamfutar da za ta karɓi manhajojin zamani da wadda ƙofofi ke rufe mata ɗaya bayan ɗaya. Lamba 2 ɗin nan da ke tsakanin Core da Duo, wadda ido ke tsallakewa, ta fi duk abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a takardar farashi nauyi. Masu gyaran da suka san hannunsu kan cire T2400 su dasa T7200 a gurbinsa, tunda a wancan zamanin furosesa a soket yake zaune, da sukudireba ake kwance shi. Ko nan ma akwai tarko. T7200 da T7300 duk gigahaz 2.0 ne, duk ƙafafunsu 478, amma na farkon ɗan Socket M ne, na biyun ɗan Socket P, ɗaya ba ya shiga gidan ɗaya.

Haka Pentium T4500 da Core 2 Duo P8400. Na farkon 2.3 ne, ya fito 2010. Na biyun 2.26, ɗan 2008. Mai saye ya duba ya ga wancan ya fi lamba, ya kuma fi ƙuruciya. Sai dai kash ɗin T4500 megabait 1 ne, na P8400 kuwa 3, hanyar da ke haɗa shi da sauran bod ma ta fi faɗi, megahaz 1066 a kan 800. Ga kuma gidan da kowannensu ya sauka. Pentium yawanci a laftof ɗin gida aka sa shi, masu jikin roba mai ƙyalli da hinjin da ke ɓallewa, P kuwa ya fi yawa a na ofis, waɗanda aka yi wa ƙashin ƙarfe don ma'aikacin da zai yi ta jefa su cikin jaka.

Harafin farkon nan shi ya fi shafarmu. T9400 da P8700 duk gigahaz 2.53 ne. T9400 na da kash megabait 6, P8700 na da 3, saboda haka a gwajin gudu T ɗin kan ɗan sha gaba. Amma shi T an tsara shi a kan wat 35, P a kan wat 25. Lambar tana nufin zafin da fanka za ta kwashe idan furosesa ya ɗauki aiki, ba daidai abin da mita za ta karanta ba, amma tana nuna maka wanda zai fi cin batir da wanda zai fi saurin ɗaukar zafi. Masu tsara jadawalin kwatance suna zaune ne inda ba a ɗauke wuta, don haka tambayarsu guda ce, wa ya fi gudu. Mai buga takardu a Takau ko Katsit tambayarsa daban: in aka ɗauke wuta da hantsi, wa zai kai ni azahar? Kafin 29 ga Mayun 2023 amsar tana da sauƙi, a ja janareta. Tun da aka cire tallafin fetur, kowace awa ta janareta sai an lissafa shafi nawa za a buga kafin a mai da kuɗin mai. Wanda ya koma ƙaramar sola da inbata kuwa, wat goma a wurinsa shi ne ƙwan fitila ko cajin wayoyin maƙwabta. A irin wannan lissafin P8700 ya doke T9400, ko da jadawali ya jera su akasin haka.

Na ga yadda mai gyaran da ya san wannan yake ciniki. Wani dattijo manomin citta daga wajen Kwoi ya shigo da 'yarsa da ta sami gurbi a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta nan Kafanchan. Tun cutar da ta cinye citta a damina ta 2023 a Kachia da Jaba da Kagarko, kuɗin da irin wannan uba zai ware wa kwamfuta ƙirgagge ne, kuma ba shi da na biyu in ya yi kuskure. Ya zauna kan benci ya ce, "Ɗana, wadda ta fi ƙarfi nake so. An ce mini i7."

"Baba, me za ta yi da ita?"

"Karatu mana."

Mai gyaran ya juya wajen yarinyar. "Ƙanwata, wane irin aiki? Rubutu da karanta littattafai, ko akwai zane?"

"Rubutu ne, Yaya, da kallon bidiyon darasi."

"Inda za ki zauna akwai wuta?"

Ta yi dariya ba ta amsa ba.

Sai ya jawo guda biyu ya ajiye a gaban dattijon, ya kunna su, ya shiga inda Windows ke nuna bayanin na'ura, ya sa yatsa a kan lambar da ke bayan sunan. "Baba, kada ka dubi takardar da aka manna a nan, ko ni zan iya manna ta. Dubi nan. In lamba uku ce bayan ɗan layin, zubin farko ne. In huɗu ce, ta farkon ita ke gaya maka zubinsa. Wannan 2520, na biyu ne. In ka ga M ita kaɗai a ƙarshe, ƙwaƙwalwa biyu ne ko da an rubuta i7. Sai ka ga QM sannan huɗu ne." Ya ba shi shawarar ya ɗauki i5 ɗin mai sauƙin kuɗi, canjin da ya rage a sa mata SSD da sabon batir. Dattijon ya daɗe yana juya i7 ɗin a hannunsa. An ga alama a ƙauye aka gaya masa sunan, kuma zai koma a tambaye shi wadda ya sayo.

Shawarar daidai ce. A yawancin tsofaffin laftof ɗin nan furosesa ba ya gajiya, jira yake yi. Tsohon faifan ajiya mai juyawa sau 5,400 a minti shi ke riƙe komai, fitilarsa na ta ƙyaftawa, mai kwamfuta na ta zagin "duwal ko". Sa SSD a gurbinsa a D630, ko da tsohuwar mahaɗarta ba ta barin sa ya yi iyakar gudunsa, za ka rantse an sauya na'urar. Ram ma haka. T400 da E6400 sa'o'in juna ne, za ka iya samun P8600 a cikin kowacce, amma T400 DDR3 take ɗauka, wanda ke ko'ina a kasuwa, E6400 kuwa DDR2, wanda sandarsa mai giga 4 sai an sha nema kuma da tsada. Furosesa ɗaya, amma ɗaya za ta kai giga 8 cikin sauƙi, ɗayar yawanci a 4 za ta tsaya. Babu sitikar da za ta gaya maka wannan.

Sai kuma abin da ƙasarmu ke ƙara musu. Ka tsaya kan mai gyara ranar da aka kawo masa laftof ɗin da ake kuka da ita wai ta tsufa, tana mutuwa da kanta ana cikin aiki. Zai kife ta, ya kwance sukurori ya jera su cikin murfin kwalba, ya ɗaga madannai, ya zaro fanka. Tsakanin fankar da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi, ƙurar hunturu da zare da gashi sun dunƙule sun toshe hanya, har sai ya sa allura ya zaro su a dunƙule guda. Ya ɗaga bututun jan ƙarfen da ke kwance kan furosesa, man da aka shafa a tsakaninsu tun daga masana'anta ya bushe ya farfashe. Ya goge da auduga da sifirit har fuskar furosesan ta yi ƙyalli, ya ɗiga sabo kaɗan, ya mayar. Furosesa na da dabarar kare kansa. In ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu, in abin ya ƙi sai ya kashe na'urar. Wanda aka sayar maka a 2.5 yana iya shekara yana aiki a ƙasa da rabin haka saboda ƙurar da ba ta cika cokali ba.

Caja ma na yin irin wannan ɓarnar a ɓoye. Cajar Dell tana da siririyar allura a tsakiyar bakinta, ta nan take shaida wa kwamfuta ko ita mai wat 65 ce ko 90. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, Latitude za ta kunna, amma takan ƙi cajin batir ta kuma danne gudun furosesa. Mutum ya zaɓi furosesa da kyau, ya yi tsimi a caja, ya koma gida da abin da ya gudu. Araha ba ta ado.

Akwai wata shari'ar da aka yanke a kasuwa wadda nake ganin ba a yi adalci ba. Ka ce AMD, mai shago ya ce "tana zafi, tana mutuwa." Gaskiya ne Turion 64 X2 bai kamo Core 2 Duo a gudu ba, amma TL-60, alal misali, wat 31 zuwa 35 ne, ajinsu ɗaya da na Intel. Abin da ya kashe HP Pavilion dv6000 da dv9000 da yawa guntun Nvidia ne da ke kan bod ɗin, wanda dalmarsa ke tsagewa saboda zafi da sanyi. A watan Yulin 2008 Nvidia da kanta ta sanar cewa ta ware dala miliyan 150 zuwa 200 saboda wannan matsala. Cutar ta kama masu Intel ma: D630 mai Quadro NVS 135M da T61 mai NVS 140M suna cikin waɗanda allonsu ke yin layi-layi ko ya ɗauke baki ɗaya. Masu gyara kan gasa guntun da bulowa, ta farfaɗo na ɗan lokaci, wasu marasa tsoron Allah kuma a wannan tsakanin suke sayar da ita. Saboda haka tsakanin D630 biyu masu furosesa iri ɗaya, wadda ba ta da sitikar Nvidia, wadda mai saye ke raina wa, ita ce mai tsawon rai. AMD dai ya ɗauki laifin maƙwabcinsa, har yau bai wanke ba.

Mafi cin rai shi ne cinikin sabuwa. Uba ya ce shi ba ya son gwanjo, ya ƙara kuɗi ya sayo siririya mai launin shuɗi irin HP Stream, Celeron N3060 a ciki, ɗan 2016, shi ma ƙwaƙwalwa biyu. Shekara biyar i5-2520M ya ba shi, amma tsohon ya ninka shi gudu fiye da sau biyu, don wannan Celeron ɗin daga zuriyar Atom ya fito, wadda aka tsara don tsimin wuta. Ram ɗinsa a manne yake, ajiyarsa giga 32 a manne, Windows ya cika ta kafin yaro ya aje fayil goma, mai gyara kuma ba shi da abin kwancewa. Duk da haka ba zan ce a jefar da ita ba. Wat 6 ce, ba ta da fankar da za ta sha ƙura, batirinta na daɗewa. Malamin firamare a wani ƙauye bayan Godogodo, wanda sai ranar kasuwa yake samun caji kuma sakamakon ɗalibai kawai yake shigarwa, ta fi masa EliteBook ɗin da za ta mutu cikin awa ɗaya da rabi. Wadda ta zama asara a hannun ɗalibin jami'a ita ce daidai a hannunsa.

Abin da na lura da shi a shagunan nan ina ganinsa a waje da su. Mun iya tambayar suna, mun iya tambayar lamba, ba mu cika tambayar aiki ba. Makaranta ta rubuta Intanashinal a allonta, iyaye su yi layi, ba wanda ya leƙa ya ga yara nawa ne a aji. Ɗan takara ya jera digirori a fosta, ba a tambayi wace rijiya ya taɓa gyarawa ba. A ɗauki mai sabon kwali a ajiye tsohuwar malama mai NCE da ta koya wa rabin unguwa karatu, ko kuma a yi akasin haka, a riƙe tsoho don tsufansa kawai alhali aikin ya wuce shi. In mutum ya gaza kuma, da wuya mu duba abin da ke kewaye da shi. Malamin kirki da aka ba yara ɗari, ba alli, albashi na makara, za a ce ya lalace, alhali ba a taɓa ba shi abin da zai nuna iyakarsa ba. Mai gyaran nan tambaya biyu ya yi kafin ya ambaci kuɗi, me za a yi da ita, kuma a ina. Ban san ofisoshi nawa ke yin su kafin su ɗauki ma'aikaci ba, amma na san iyaye ƙalilan ne ke yin su kafin su zaɓa wa yaro kwas.

Kada a ɗauka ina cewa da tsohuwar zuma ake kowane magani. Ɗalibin zanen gine-gine a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, wanda zai buɗe AutoCAD da Revit, Core 2 Duo zaluntarsa zai yi, i5 na zubi na biyu ma da ƙyar. Shi ya kamata ya nemi ƙwaƙwalwa huɗu, ya kuma san cewa har zubi na bakwai i7 mai U a ƙarshe, irin 7500U, biyu ne. Sai a zubi na takwas, a 2017, i5-8250U ya zo da huɗu. Bidiyon intanet ma ya yi wa Core 2 Duo nauyi, sai an rage kyan hoton yake tafiya sumul. Mai haɗa katin aure da takardar shirin jana'iza da kalandar Zumuntar Mata da shahadar saukar Alƙur'ani a tsohon CorelDraw kuwa, P8600 da giga 4 da SSD sun ishe shi cin abinci.

Abin da zai yi wa waɗannan na'urori ritaya yana zuwa ne daga wajen manhaja. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a lamba 109 a farkon 2023. Windows 10 wa'adinsa 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 a hukumance yana neman zubi na takwas zuwa sama da guntun tsaro na TPM 2.0, wato duk waɗanda muka lissafa, ban da na ƙarshen, suna waje. Masu shago kan bi ta bayan gida su ɗora shi a kan i5 na zubi na biyu da na uku, yana kuma tafiya. Amma daga sigar 24H2 ta 2024 yana buƙatar wasu umarnai da ake kira SSE4.2, waɗanda babu su a jikin Core 2 Duo ko ɗaya, ba dabarar da za ta sa ya tashi. A nan T9600 mai 2.8 da T5600 mai 1.83 sun zama ɗaya, i3-330M na 2010 da ake rainawa kuma ya tsallake. Linux Mint ko Lubuntu za su rayar da su shekaru, kuma ga ɗalibin da rubutu da bincike ne aikinsa wannan hanya ce mai kyau, sai dai mai bizinas santa ba zai rabu da Word da CorelDraw ba, kwastoma da fayilolinsu suke zuwa.

Wani mai shago da na sani raba aikin ya yi. D630 ɗinsa ya cire ta daga intanet gaba ɗaya, tana gefe da firinta tana buga furojet da katunan biki, filashin kowa sai an duba shi a wata na'urar kafin ya shige ta. Duk abin da ya shafi fotal ɗin makaranta, biyan kuɗi ta Remita, ko lambar sirrin kwastoma, a ɗaya mai sabon zubi yake yi, wadda har yanzu take karɓar gyaran tsaro. Kuɗin da bai kashe wajen sauya tsohuwar ba ya ƙara a batirin sola.